Kwana a Kan Ruwa: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Bin Jirgi a Lagdo, Binuwai da Tafkin Chadi

Na daɗe ina bin jirgin katako zuwa tsibiran tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru sayen banda, in kawo Garwa, wani lokaci in wuce da ita kasuwar Pitowa ranar Lahadi. Ni ɗan kasuwa ne, tuƙi ba sana'ata ba ce. Sai dai wanda ya shekara da shekaru zaune a gindin inji yana kallon hannun matuƙi, ko bai yi niyya ba sai ya tsinci wani abu. Tun da samari suka fara shigowa wannan fatauci, da wuya mako ya wuce wani bai tare ni a ƙofar masallaci ba, ko ya aiko min da saƙon murya ta WhatsApp. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, kuma yawancinsu a kan dare suke. Ga su nan na tara, da amsar da na saba bayarwa.

Alhaji, me zai sa mutum ya kwana a hanya? Ai tafki ne, ba teku ba.

Wanda bai taɓa shiga ba ne ke faɗin haka. 'Yan Sin ne suka gina madatsar Lagdo tsakanin 1977 da 1982, a kan Binuwai, wajen kilomita 50 kudu da Garwa, kuma ruwan da ta tare ya kai murabba'in kilomita 586 in ya cika. Akwai inda za ka tsaya a tsakiya ka ga duwatsun gaɓa sun koma kamar hayaƙi. Jirgin da aka danƙara wa kwalayen banda, da fasinja a kai, da inji mai doki 15 a baya, tafiyar hawainiya yake yi.

Ga kuma abin da ba ka tsara ba. Ka je sansanin masunta ka tarar kifin yana kan wuta, sai ka jira. Ka sayi zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, a bakin kwata, ashe an haɗa shi da ruwa, inji ya yi tari biyu ya mutu. Farfela ta naɗe tsohon taru. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya cinye maka awa biyu ko uku, ka ɗaga kai ka ga rana ta yi ja.

Tafiyar dare kuwa ita ce abin gudu. Wannan ruwa a kan daji da gonaki da tsofaffin ƙauyuka ya kwanta, akwai kututture da dutse a ƙarƙashinsa waɗanda ko da rana sai wanda ya san wurin. Ƙara da tarun masunta da ba fitila a kansa, da dorina. Gara ka rasa cinikin safiya ɗaya.

Ƙarfe nawa ya kamata a fara neman wurin kwana?

Da la'asar. In an yi la'asar ba ka hango kwatar da za ka ba, ka daina lissafin isa, ka koma lissafin masauki. A ƙasarmu tsakanin faɗuwar rana da duhu bai kai rabin awa ba, kuma kana bukatar haske don abu uku: ka ga launin ruwan da za ka shiga, ka duba gaɓar ko akwai sawun dabba, sannan in wurin bai yi maka ba ka samu sauran lokacin komawa wani. Wanda ya iso da magariba duk inda ya samu nan zai ɗaure, ba shi da zaɓi.

Wane gefen tsibiri ake ɗaure jirgi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran, kuma ita ce aka fi yi wa amsar ganganci. Kowa zai ce maka: inda ruwa ya kwanta. Gaskiya ne, amma ya kwanta zuwa yaushe?

Igiyar ruwa tana girma ne gwargwadon filin da iska ta samu ta bi a kan ruwa ba abin da ya tare ta. In tudu ko dutse yana tsakaninka da iska, ruwan gabanka lumui. In kuwa kilomita goma na buɗaɗɗen ruwa ne ke tsakaninku, duk abin da iskar ta tara a hanya a jikin jirginka za ta sauke. Zuwa nan ba wuya. Wuyar ita ce iskar da kake ji da la'asar ba lallai ita ce za ta kwana da kai ba.

Daga ƙarshen bazara har cikin damina, iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take busowa. Saboda haka da yamma gefen gabas na kowane tsibiri shi ne yake kwance kamar mai a faranti, shi ne yake kiran baƙo. Hadari kuwa a wannan yanki daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, ko yaro mai kiwon awaki ya san wannan. Wato gefen da ya fi daɗi da la'asar shi ne zai koma bakin bindiga in hadari ya taso da tsakar dare.

Ni a jikina na karanta wannan darasi. Wata shekara cikin watan Mayu, Baba da ya saba tuƙa mu yana kwance ba lafiya, sai ɗansa ya ɗauke mu. Yaro ne mai hankali, ya iya inji fiye da ubansa. Muka makara, ya shigar da mu gindin wani tsibirin duwatsu ta gabas, muka ɗaure, muka dafa shayi, har ina yaba masa. Wajen ƙarfe ɗayan dare zafi ya tashe ni. Iska ta ɗauke ɗif, ko ganye ba ya motsi, sauro kamar a kwashe da hannu. Na waiga gabas na ga walƙiya tana wasa a cikin wani baƙin abu da ya cinye taurari. Kafin mu kwance igiya iskar ta iso. Jirgin ya riƙa ɗagawa yana faɗawa kan dutse, ina jin katako yana kuka. Mu huɗu muka dira cikin ruwa iya ƙirji muna tokare shi da kafaɗa, yaron yana ciki yana kwarfa da yankakkiyar jarka. Ba mu yi asarar rai ba, alhamdu lillahi. Katako ɗaya ya tsage, kwali huɗu na banda suka sha ruwa, kafin in kai su Garwa sun yi hunhuna.

Da muka je gaishe da Baba, ɗan nasa ya sunkuyar da kai yana ba da labari. Tsohon bai yi faɗa ba. Cewa ya yi kawai: "Da kuka gama ɗaurewa, akwai wanda ya juya ya dubi gabas a cikinku?"

Abin da nake nema yanzu shi ne lungu mai kariya ta gabas da ta yamma duka, wanda bakinsa ya kalli arewa ko kudu, ko kuma bakin wani ƙaramin mayo, wato rafi, da ya shige cikin tudu. In babu irinsa, na fi son gefen yamma. Jirgi zai yi ta rangaji har ka ƙosa, barci ba zai yi daɗi ba, amma in hadarin ya zo tsibirin ne zai karɓe maka shi.

Yaya ake gane hadari zai iso, kuma me ake yi in ya riski mutum a tsakiya?

Zafi mai nauyi da ɗaukewar iska su ne sallamarsa. Sai gabas ta yi baƙi, gindin gajimaren ya miƙe kamar an ja layi, wani lokaci da jar ƙura a gabansa in farkon damina ne. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga har ka ji tsawa: kowane daƙiƙa uku kilomita ɗaya ke nan tsakaninku. In ƙirgan yana raguwa daga walƙiya zuwa walƙiya, kai yake nufa. Da zarar ka ji wata iska mai sanyi da ƙamshin ƙasa ta taɓa fuskarka, shiri ya ƙare.

Iskar farko ita ce mai ɓarna, kuma ba ta cika daɗewa ba. In ruwan sama ya sauka sosai yakan kwantar da ita.

In ta same ku a fili, a sauke tamfol ɗin rumfa nan take, don iska kama shi take yi ta kwantar da jirgi. Kowa ya sauko daga kan kaya ya zauna a ƙasan jirgi, kada kowa ya miƙe, kada a ruga gefe ɗaya. Matuƙi ya rage wuta ya ba igiyar ruwa goshin jirgi, a ɗan karkace kaɗan, kada ya yarda ta same shi a haƙarƙari. Mutum biyu su kama kwarfa tun ruwan bai taru ba. In ta kai ga zubar da kaya, a zubar. Na san zafin wannan magana a kunnen ɗan kasuwa, ni ma shi ne.

Da hunturu fa, tunda ba hadari?

Hunturu ya fi sauƙin karantawa, don iskarsa ba ta yaudara: daga arewa maso gabas take zuwa, daga wajen Nuwamba har Fabrairu ko Maris. Ka nemi gefen kudu maso yamma ka kwanta. Takan yi ƙarfi da hantsi ta lafa da yamma, shi ya sa masu wayo suke ƙetare buɗaɗɗen wuri da sassafe.

Matsalarsa hazo. Akwai ranar da dutsen da kake saiti da shi kullum zai ɓace ɗungurungum, matuƙi ya yi ta kewaye wuri ɗaya yana rantsuwa a miƙe yake tafiya. A nan waya tana da amfani. Na'urar nuna wuri da ke cikinta da tauraron ɗan'adam take aiki, ba ta bukatar layin kira, in dai ka sauke taswirar tun kana gari. Ka sa alama a kan kwatarku da duk lungun da ka taɓa kwana lafiya. Sannan ka tafi da bargo. Sanyin asuba a kan ruwa cikin Janairu ba irin na cikin ɗaki ba ne.

A jefa anka ne ya fi, ko a ɗaure a gaɓa?

In gaɓar yashi ce ko laka kuma wurin a kare yake, ka shigar da goshin jirgi ka ɗaure a itace mai rai ko ka kafa turke. Amma kada ka bar gindin jirgin sake. Jefa anka, wato ƙarfen da ke kama ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, ta baya, can cikin ruwa, ka ja igiyar ta yi tsai, don kada iska ta juya shi ya kwanta a gaɓa ta haƙarƙari, igiyar ruwa ta riƙa cika shi. In gaɓar dutse ce, kada katako ya taɓa ta ko kaɗan. Tsaya nesa a kan anka, a sauka da ƙaramin kwalekwale ko a haƙura da sauka.

Busasshen itacen da ke tsaye a cikin ruwa yana da jan hankali, ga shi kamar turken da Allah ya kafa maka. Gindinsa ya shekara arba'in yana jiƙa. Ban yarda da shi ba.

Kuskuren da na fi gani a wajen anka shi ne rowar igiya. Mutum ya ga zurfin gaba biyu, sai ya saki gaba uku ya ɗaure. Anka ba nauyinsa ne kaɗai ke riƙe jirgi ba, sai igiya ta ja shi a kwance yake cizon ƙasa. In igiyar ta miƙe tsaye, kowace igiyar ruwa ɗaga shi take yi. Ka saki aƙalla ninki biyar na zurfin, in kana tsammanin iska ka kai bakwai. Zurfin gaba biyu, igiya gaba goma zuwa sha huɗu. Ɗan guntun sarƙa tsakanin anka da igiya yana ƙara riƙo, yana kuma hana dutse cin igiyar. Masu amfani da dutse a buhu ko tsohon ƙarfen mota su sani cewa nasu nauyi ne kawai ba cizo, a ranar iska ba zai wadatar ba.

Kafin ka jefa, soka gorar tuƙi ka ji ƙasan. Laka mai danƙo da yashi suna riƙewa. Ciyawa tana yaudara, shimfiɗaɗɗen dutse kuwa anka zamewa yake a kansa. Bayan ka ɗaure, nemi abu biyu a tudu da suka yi layi ɗaya a idonka, misali itace da ƙoƙon dutsen da ke bayansa. In an jima ka ga sun rabu, jirginka tafiya yake.

Dorina fa? Ita ce ta fi ba ni tsoro.

Ka ci gaba da jin tsoron, yana da amfani. Akwai ta a Lagdo, akwai ta a Binuwai har kusa da gadar Garwa, akwai ta a Maga da Logon. Da rana tana cikin ruwa, da dare take fitowa kiwo, kuma hanya ɗaya take bi kullum. Za ka gane hanyar: wani zurfafan lawali ne mai santsi da ya sauko daga ciyawa zuwa ruwa, da sawu mai yatsu huɗu kamar an danna ƙwarya a laka, da kashi warwatse a jikin ciyayi don da wutsiya take fantsama shi. Abin haushin shi ne wurin yakan yi kama da kwata mai kyau, gangare ne mai sauƙin hawa. Kada ka ɗaure a nan, kada ka shimfiɗa tabarma tsakaninta da ruwa. Dorinar da ta firgita a tudu ruwa take nufa a guje, ba ta kauce wa komai.

In kun gan su a ruwa ku ba su fili mai yawa, musamman uwa mai ɗa. Hamma da take yi ba barci ba ne, gargaɗi ne. Masunta sukan ƙwanƙwasa jikin jirgi da filafili in za su wuce inda suka san tana nan, don ta san da zuwansu kada ta taso a ƙarƙashinsu.

Shi kuma kada, dabbar nan mai kama mutum a bakin ruwa, maganinsa kada a yi alwala ko wanke kwano a tsugune a bakin ruwa da duhu. Ɗebo da bokiti ka koma sama.

Ana iya kwana a kan yashin Binuwai, ƙasa da madatsa?

Da rani mutane suna yi, kuma wuri ne mai daɗi: iska, ba ciyawa, sauro kaɗan. Da damina kuwa a'a. In tafkin ya cika akan buɗe ƙofofin madatsar, yawanci tsakanin Agusta da Oktoba, kuma wanda ya ga ambaliyar 2012 ko ta 2022, da ta ci garuruwa tun daga nan har cikin Najeriya, ba sai an yi masa bayani ba. Hukuma takan yi sanarwa, amma sanarwar rediyo ba ta isa kunnen wanda ke barci a tsakiyar kogi. Ko ba a buɗe madatsa ba ma, Mayo Kebbi da ke shigowa sama da Garwa, da Faro da ke shigowa can wajen iyaka, suna iya kawo ruwan saman da aka yi a wani wuri mai nisa, alhali kai ko ɗigo ba ka gani ba.

Dabarar tsofaffi ita ce tsinke. Da kun sauka, kafa kara daidai bakin ruwa. Bayan isha ka haska shi da tocila, in ka farka cikin dare ka sake dubawa. In ruwa ya haye shi, a tattara a koma babbar gaɓa. In kuma ruwan ja da baya yake, a tura jirgi ciki kaɗan, in ba haka ba da safe za ku tarar da shi zaune a kan yashi da kaya a cikinsa, ku yi ta sauke kwalaye kafin ya motsa.

Har yanzu ana bin kogi daga Garwa zuwa Yola?

Ana bi, amma da ƙananan jirage, kuma lokacin da ruwa ya cika. Tsohuwar tashar jiragen Garwa, wadda a da manyan jirage ke zuwa daga Najeriya su kwashi auduga da gyaɗa a 'yan watannin damina, yashi ya cinye mata hanya. Iyaka ce za ka ƙetare, saboda haka katin ɗan ƙasa da takardun kaya su kasance a cikin leda a jikinka, ba a ƙasan jaka ba.

In na tarar da sansanin masunta, zan iya sauka kawai?

Shi ne ma masaukin da ya fi kowanne. Mutanen da suka kafa bukka a wuri sun riga sun gwada shi da hadari da dorina, sun yi maka rabin aikin. Sai dai akwai ladabi. Rage wuta tun daga nesa, don igiyar ruwan da injinka ke tayarwa kada ta haɗa kwalekwalensu karo, kuma ka lura da gorunan da ke yawo a kan ruwa, alamar taru ce ko mamari. Ka yanke wa mutum taru da farfela sannan ka zo neman wurin kwana, ka ga ai ba daɗi.

Yi sallama kana cikin jirgi, ka tambayi inda za ka ɗaure, kada ka zaɓa da kanka. Sannan ka nemi shugaban wurin, ko jauro ne, wato mai gari, ko sarkin ruwa, ka gaishe shi, ka faɗi daga inda kake da inda za ka. Ɗan sukari da ganyen shayi ko goro sun isa. A Lagdo za ka tarar da Musgun da Kotoko da Hausawa da mutanen Najeriya da Chadi har da na Mali. In Hausa ba ta yi ba Fulatanci zai yi. Kafin ka kwanta ka tambaye su hanyar gobe, domin baƙo ko da ido makaho ne, kuma kututturen da ruwa ya rufe a watan jiya yana iya zama a bakin farfela a wannan watan.

Ka tuna kuma akwai hutun su da hukuma ke sawa a tafkin daga Yuli zuwa Satumba don kifi ya hayayyafa. A lokacin sansanoni da yawa sukan zama kufai, kada ka dogara da wanda ka sani a bara.

Duk wannan ya shafi Tafkin Chadi?

Maganar iska ɗaya ce, sauran kuwa wata duniya ce. Na yi zama a Bilanguwa wajen kawuna ina saurayi, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin zurfi: wurare da yawa gora tana taɓa ƙasa. Kada wannan ya rage maka tsoro. Ruwa marar zurfi igiyarsa gajera ce mai tsini, tana zuwa a jere ba ta ba jirgi damar ɗagowa.

Tafkin ba ya zama wuri ɗaya. A shekarun 1960 ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, sai farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi har ya rabu biyu, kwarin arewa da na kudu. Shari da Logon, da ke haɗuwa tsakanin Kusiri da Njamena, su ne ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa, kuma ruwan yana daɗewa a hanya, shi ya sa tafkin yake cika bayan damina ta wuce, wajen Nuwamba zuwa Janairu. Inda ka bi da jirgi da sanyi, da bazara gonar masara ce.

Babu duwatsun da za ka yi saiti da su. Hanyoyi ne a tsakanin dogayen ciyayi, kowace kamar 'yar'uwarta. Wani abin da za ka ɗauka tsibiri ne ma, tarin ciyawa ne mai yawo, saiwarsa ba ta kama ƙasa ba. Ka shiga lungu ka kwana, iska ta juya cikin dare ta turo shi ya toshe bakin, da safe ka nemi hanyar da ka shigo ka rasa. Buduma, waɗanda suka gaji tsibiran nan da shanunsu masu kumburarren ƙaho da ke iyo daga tudu zuwa tudu, su ne ke karanta wannan ruwa. Ba a shiga ba tare da ɗan wuri ba.

Sama da duka akwai tsaro. Tun da rikicin Boko Haram ya shiga tafkin, har Chadi ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin a Nuwamban 2015, zaɓen wurin kwana ya fita daga hannun matuƙi. Ana tafiya ne ta hanyar da sojoji suka buɗe, a lokacin da suka yarda, a kwana a garin da ke da hukuma kamar Darak ko Bol ko Baga Sola. Lungu mai shiru da ba kowa, wanda a Lagdo shi ake nema, a can shi ake gudu.

Ana iya hura wuta a cikin jirgi?

Ana yi, ni dai ba na so. Jarkar mai tana numfashi ko a rufe take, tururin kuma ƙasan jirgi yake kwanciya. In akwai halin sauka, a yi girki a tudu. In babu, murhu a goshi, mai a can baya, a kashe garwashi da ruwa kafin a kwanta. Mai shan taba ya yi haƙuri har safe.

Gidan sauro dole ne. Ruwan sha kuma ka taho da naka, kuma ka rage tsayawa cikin ruwan gefe mai ciyawa in ba dole ba, nan ake kwasar tsargiya.

Na iya ruwa tun ina yaro. Sai na sa rigar ceto?

Iya ruwa fidda kai, haka ne. Amma iyon da ka koya a rafin garinku da rana, ba riga, ba ɗaya ba ne da faɗawa cikin duhu da babbar riga a jikinka, katako ya buge ka a kai, wani da bai iya ba ya riƙe maka wuya. Sayi taka, kada ka jira ta mai jirgi. Da dare ka yi matashi da ita. In jirgi ya kife kuma bai nutse ba, ka riƙe shi, don jirgin katako yakan yi iyo, kuma masu nema sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum.

Ɗana ya samu aiki a jirgin kamun kifi a Limbe. Abin da ka faɗa zai yi masa amfani a teku?

Rabinsa. Neman tudu tsakaninka da iska, da sakin igiyar anka, da isa da sauran rana, duk suna nan. Amma teku tana da abin da tafki ba shi da shi: tana cika tana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, kusan awa shida-shida, kuma abin ya fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa. Wanda ya auna zurfi lokacin janyewa ya saki igiya daidai da shi, in ruwa ya dawo igiyar ta gaza. Wanda ya auna lokacin cika kuma yana iya farkawa a kan laka. Akwai jadawalin da ke nuna sa'o'in kowace rana, ya koyi karanta shi tun makon farko.

Na biyu, a gaɓar Kamaru akwai doguwar igiyar ruwa da ke zuwa daga kudu maso yamma ko ba iska, daga can tsakiyar teku. Shi ya sa mafaka a can sai bayan tsibiri ko cikin bakin kogi. Limbe tana cikin wani lungun teku da tsibirai a gabansa. Tashar Duwala can cikin bakin kogin Wuri take. Ta Kiribi mai zurfi, da ta fara aiki a 2018, sai da aka gina mata katangar duwatsu ta tare igiyar. Shiga bakin kogi kuma yana da lokacinsa: inda ruwan kogi mai fita ya yi karo da igiyar teku a kan tudun yashi, nan ƙananan jirage suke kifewa, don haka akan jira ruwa ya fara cika.

Ya san fitilu: ja a hagun jirgi, kore a dama, fari guda mai haska ko'ina in jirgi yana tsaye a kan anka. Tasha ta 16 a rediyon jirgi ita ce ta neman agaji. Wajen Bakasi kuma akwai 'yan fashin teku, ya bi maganar manyansa a kan inda ake kwana.

Yaya ake yi da salla?

In ana iya sauka tudu, a sauka. In ba hali a yi a cikin jirgi, a tsaye ga wanda zai iya, a zaune in tsayuwar za ta jefa mutum a ruwa ko ta karkata kwalekwale. Alƙibla daga nan gabas ce maso arewa. Jirgin da ke kan anka ɗaya yana juyawa da iska, saboda haka ka duba kafin ka kabbarta, kada ka dogara da inda goshinsa ya kalla ɗazu.

Addu'ar shiga jirgi kowa ya haddace ta, ta Annabi Nuhu ce a Suratu Hud aya ta 41: Bismillahi majreha wa mursaha. Da sunan Allah tafiyarsa da tsayawarsa. Baba yakan karanta ta sau biyu, da za a tashi da kuma lokacin da anka ya taɓa ƙasa.

Da safe me ake dubawa kafin a tashi?

Ruwan da ya taru a ƙasan jirgi cikin dare. In ya fi na jiya, akwai inda ke yoyo, a nemo shi a cusa tsumma da kwalta tun ana gaɓa. A ɗaga inji a duba farfela, a goge buji, wato filogin inji, in raɓa ta jiƙa shi, a girgiza jarka a tabbatar man zai kai har da ragowa. A ɗaga tamfol a hankali, maciji yana son ɗumin kwalin banda. Wajen cire anka kada a tsaya ana ja daga nesa, a matsa da jirgi har igiya ta miƙe tsaye a kansa, zai saki da kansa. In a sansani kuka kwana, a koma a yi wa mai wurin sallama ko da yana barci ne a tashe shi, a gaya masa inda aka nufa. In kuna da layi, a kira gida a faɗi sa'ar da ake sa ran isa kwata.